Kwalbar da Ba Ta Yi Kumfa Ba

Shamsu mai kyamis ɗin bayan kasuwar Zurmi ɓarawo ne. Majinyata yake yi wa sata, suna kwance a gabansa, 'yan uwansu suna tsaye suna sa masa albarka. Mutane suna kiransa Dakta, amma bai taɓa zama likita ba. Ya yi 'yan shekaru yana tura gadon marasa lafiya a wani asibiti, ya yi ta kallon yadda ake huda ciki a fitar da ruwa har hannunsa ya iya, sannan ya dawo gida ya ɗinka farar riga. Hannun kam ya iya. Shi ya sa ɓarnarsa ta daɗe ba a gane ba.

Masu ciwon hanta ne kasuwarsa. Idan hanta ta ƙeƙashe, ruwa yakan taru a ciki har mutum ya kasa ruku'u, ya kasa kwanciya rigingine, numfashi ya zama aiki. Shamsu yakan huda gefen cikin da allura, ya jona siririyar roba, ruwan ya tsiyaye cikin jarka. In ta cika sai ya fito da ita ya ajiye a ƙofar shago don masu wucewa su gani. Mutanen wajen kuwa da jarka suke auna gwanintar mai magani. Wanda ya fitar da rabi ya gaza, wanda ya cika ta shi ne gwani. Babu mai tambayar abin da aka mayar wa jikin a madadin abin da aka kwashe.

Zubairu manomi ne a Gurbin Bore, gero da dawa, mutum mai raha wanda ba ya musu da kowa. Matarsa Rahina 'yar Shinkafi ce, suna da 'ya ɗaya, Amina. Tun da mahaifin Zubairu ya rasu, wansa Ubaidullahi ne ke yanke kowace shawara a gidan, har da shawarar jikin ƙanensa.

Da cikin Zubairu ya fara tasowa, asibiti suka kai shi a Gusau. Likitar da ta duba shi mace ce mai ƙarancin magana. Ta fitar da lita huɗu ta tsayar, saboda ba su zo da maganin da ake kira albumin ba. Ta zaunar da su ta yi musu bayani dalla-dalla. Ta ce idan aka kwashe ruwa mai yawa lokaci guda, jijiyoyin jini sukan saki, jinin da ke zagayawa ya yi kaɗan, ƙoda ta rasa abin tacewa ta tsaya. Albumin ne ke riƙe ruwa a cikin jinin. In abin da aka fitar bai wuce lita biyar ba, sau da yawa akan tsira ba shi. In ya wuce, to kowace lita tana neman giram takwas, kwalba ɗaya kuma giram ashirin ce. Wato duk lita biyu da rabi, kwalba guda.

Rahina ta riƙe wannan awon kamar yadda take riƙe awon gishiri a miya. Ubaidullahi kuwa abin da ya riƙe daban. A mota suna komawa ya dubi cikin ƙanensa, wanda har yanzu yake gaba da shi, ya ce sun kai musu tulu an rage musu kofi.

Ruwan ya sake taruwa, kamar yadda likitar ta ce zai yi. Hanyar Gusau ba ta da daɗin bi a wannan zamanin. Motoci sukan jira juna su tafi a jere, kuma ba kullum ake isa ba. Ubaidullahi ya ce ga Dakta Shamsu a nan kusa, mai cika jarka, don me za a kai kai ga halaka?

A nan wayon Shamsu yake. Da suka je masa, shi da bakinsa ya ce ba zai taɓa Zubairu ba sai an kawo albumin kwalba huɗu daga Gusau, domin shi ba ya aikin ganganci. Da Rahina ta ji haka sai hankalinta ya kwanta, tun da maganarsa ta zo daidai da ta likitar. Aka sayar da geron da aka ajiye na shekara, aka haɗa da ragon da take kiwo. Ita aka tura sayowa, domin Ubaidullahi yana tsoron hanyar.

Matar da ta sayar mata da maganin ta miƙo kwalaben da hannu biyu, ta ce kada ta girgiza su, don abin ciki yana kumfa kamar farin ƙwai. Rahina ta naɗe su a zane ta rungume a cinya. Amma tsakanin Ƙaura da Zurmi babu yadda mutum zai hana kaya girgiza. Da motar ta faɗa wani rami sai ta buɗe zanen ta leƙa. Ruwan yana da ɗan kauri, launinsa kamar na man gyaɗa da aka tace, kuma ga kumfa ƙanana sun taru a wuyan kowace kwalba. Ta yi ta leƙawa cikin tsoro ko ta lalata su. Har suka shiga Zurmi kumfar ba ta gama kwantawa ba.

Shamsu ya karɓi kwalaben, ya ce bari ya sa su a kula su huce daga zafin hanya, ya shige ɗakin ciki da su. Ya fito yana naɗe hannun riga. Ya shafa cikin Zubairu ya ce, "Malam Zubairu, wata tara sun cika. Yau sai haihuwa."

Zubairu ya yi dariya da ɗan numfashin da ya rage masa. "In namiji ne, Dakta, sunanka za mu sa mai."

Ruwan ya yi ta zuba har jarka mai lita goma ta cika. Ubaidullahi da kansa ya ɗauke ta ya kai ƙofar shago, ya tsaya kusa da ita kamar shi ya yi aikin. Shamsu ya shiga ɗakin ciki ya fito da kwalabe huɗu. Yana tafe yana jujjuya ɗaya a hannu don nuna sabo da aiki. Rahina ta ga ruwan yana fantsama a cikin kwalbar kamar ruwan randa. 'Yan ƙwayoyin iska suka taso suka mutu nan take. Launin ma ya fi wancan haske, ya koma ruwan ɗorawa. Da ya huda murfin robar sai wani wari ya bugi hancinta, warin da ta sani amma ta kasa tuna inda ta san shi.

Ta matsa kusa da wan mijinta ta yi ƙasa da murya. "Yaya, wannan ba ta kumfa."

Ubaidullahi bai yi ƙasa da tasa ba. "Sabulu munka aike ki saye?"

Mazan da ke wurin suka yi dariya, har da Shamsu, har da Zubairu a kan gado. Rahina ta ja mayafinta ta koma gefe. Kwalabe huɗu suka shiga jijiyar mijinta tana kallo. Da aka gama, Shamsu ya tattara fankon kwalaben ya ce shi zai zubar.

A Gurbin Bore mutane suka yi ta zuwa ganin cikin da ya lafe. Zubairu ya yi sallah a tsaye, ya ci tuwo. Daga nan sai jiri. Fitsarinsa ya fara fitowa da launin ɗorawa mai haske, da wannan warin, sannan ya ragu, sannan ya tsaya. Ya fara kiran mahaifinsa da ya rasu, yana cewa a kawo masa fartanya ciyawa ta cinye gero, alhali rani ake. Hanyar da aka ƙi bi yana da ƙarfinsa, ita aka bi da shi a kwance.

Likitar ta tambayi lita nawa aka fitar, kwalba nawa aka sa. Rahina ta ce goma, da huɗu. Likitar ta ce awon ya yi daidai, kuma mai hanta irin tasa ƙodarsa tana iya tsayawa ko an yi komai daidai, ba za ta ɗora wa kowa laifi a kan zato ba. Sai Rahina ta tambaye ta ko albumin yana mai da fitsari ruwan ɗorawa, ko yana da wari mai hawa kai. Likitar ta ajiye abin da take yi ta dube ta. Ta ce a'a. Ta ce wannan aikin allurar bitamin ce da ake zubawa a ruwan gishiri na ƙarin ruwa. Nan take Rahina ta tuna inda ta san warin: lokacin cikin Amina an taɓa ƙara mata irin wannan ruwan. Likitar ta tambayi inda kwalaben suke. Da ta ji suna wurin Shamsu, ta ce ba tare da su ba, maganar Rahina ce kawai da tasa.

Zubairu ya rasu a can.

A zaman makoki Rahina ta aika aka kira mata Ubaidullahi, ta faɗa masa abin da likitar ta ce. Ya ce ajali ne, kuma kada ya sake jin wannan maganar daga bakinta, kada ta jawo musu rigima da mutumin da duk ƙasar ke girmamawa. Ajali gaskiya ne. Ciwon Zubairu ba mai warkewa ba ne, kuma ba Shamsu ya sa masa shi ba. Amma ajali bai taɓa wanke ɓarawo ba, kuma Ubaidullahi ba tawakkali yake yi ba. Kunya yake gudu, domin shi ya ɗauki jarkar nan ya kai ƙofa.

Rahina ta yi takabarta ba ta yawan kuka. Mata masu zuwa gaisuwa suna yabon haƙurinta. Ba su san abin da take roƙo a sujada ba. Roƙonta shi ne Allah ya bar Shamsu da rai da lafiya, kada zazzaɓi ya taɓa shi, kada 'yan bindiga su tare shi a hanya, har sai ta iso gare shi.

Da ta fita takaba ta ɗauki Amina ta koma Shinkafi gidan iyayenta, ta kafa tukunyar shinkafa da wake a tashar mota. Ta gaya wa mutum biyu ko uku labarin. Kowa ya ce ta bar wa Allah, wata ma ta ce baƙin ciki ne ke sa ta ganin abin da babu. Daga nan ta rufe bakinta, ta gane cewa magana ba za ta kama Shamsu ba. Sai an gan shi da kwalbar a hannu, kuma sai wanda ya gani ya kasance mutumin da ba a iya ce masa ya yi shiru.

Cikin direbobin da ke cin abinci wurinta akwai Jafaru, ƙanen Tambari shugaban direbobin tashar. Tambari ƙato ne mai sanyin magana, wanda in ya ce mota ba za ta yi lodi ba, to ba za ta yi ba, daga Shinkafi har Ƙaura har Zurmi, don shugabannin can duk abokan tafiyarsa ne tun suna yaran mota. Rahina ce ta fara lura da Jafaru. Idonsa ya yi ruwan ɗorawa, wuyansa ya rame, cikinsa kuma yana gaba. Abokansa suna tsokanarsa wai shi kaɗai yake cinye ribar mota, wai nan gaba sai an cire sitiyari kafin ya zauna. Tana zuba masa abinci tana rage gishiri ba tare da ta faɗa masa ba.

Wata safiya ta ji wani ɗan kamasho yana cewa Tambari ya dawo daga Gusau da wasu kwalabe huɗu masu tsada, Dakta Shamsu na Zurmi ya ce sai da su zai yi wa Jafaru aiki.

A nan ya kamata ta je ta gaya wa Tambari komai. Da ta yi haka da ya fasa tafiyar, ya kai ƙanensa Gusau, Shamsu kuma ya ci gaba da ajiye jarka a ƙofa. Ta auna wannan, ta zaɓi shiru. Ta je gidan Jafaru ta sami matarsa Saliha, yarinya mai tsoron asibiti, ta ce ita ta yi jinyar irin wannan ciwon, za ta raka ta ta taya ta riƙe kaya. Saliha har da hawayen godiya. Ranar tafiya Rahina ta sa niƙabi, abin da ba ta saba ba.

Shagon yana nan yadda ta bar shi, sai fenti da aka sake. Shamsu ya yi ƙiba. Ya karɓi kwalaben daga hannun Tambari, ya ce bari ya sa su a kula su huce daga zafin hanya. Ya fito yana naɗe hannun riga, ya shafa cikin Jafaru ya ce wata tara sun cika, yau sai haihuwa. Ko barkwancin bai canja ba.

Rahina ta zauna a benci kusa da Saliha tana kallon ruwan yana hawa a jarka. Ta san inda lita biyar take. Ta ga ruwan ya kai wurin ya wuce. Ta san daga nan kowane ɗigo bashi ne a kan ƙodar Jafaru, kuma ta san Shamsu ba ya fito da kwalabensa sai jarka ta cika. Saliha ta kama hannunta ta ce ya yi sanyi, ko ba ta da lafiya ne? Ta ce lafiyarta lau.

Jarka ta cika. Shamsu ya zare allura, ya manna auduga, ya shiga ɗakin ciki ya fito da kwalabe huɗu yana jujjuya ɗaya. Rahina ta miƙe ta miƙa hannu kamar mai son taya shi riƙewa, shi kuma ya ba ta. Ta kama wuyan kwalbar ta girgiza ta da duk ƙarfinta, kamar mai kaɗa nono a gora, sannan ta ɗaga ta saitin hasken ƙofa. Ƙwayoyin iska suka taso suka mutu. Ruwan ya koma garau.

Ta ɗage niƙabin. "Dakta, ka gane ni?"

Bai gane ta ba. Wannan ya fi komai ƙona mata rai.

"Matar Zubairu ce, na Gurbin Bore. Wanda za ya sa ma ɗanshi sunanka."

Ta juya ga Tambari ta ce, "Ciyaman, da anka ba ka kwalaben nan a Gusau, mi anka ce maka?"

Tambari ya ce an ce kada ya girgiza, suna kumfa. Ya ce kuma ya ga kumfar da idonsa a hanya.

"To ga ta nan na girgiza. Ina kumfar?"

Shamsu ya yi murmushi irin na wanda ya saba da mata masu baƙin ciki. Ya ce wa Tambari ya yi haƙuri da ita, mijinta ya rasu ne ciwonsa ya riga ya ci ƙarfinsa, tun lokacin ba ta dawo daidai ba. Ya ce magani in ya yi sanyi ba ya kumfa, wannan sai wanda ya karanta. Ya miƙa hannu zai karɓi kwalbar, ya ce lokaci na ƙurewa, majinyaci na jira.

Tambari ya riga shi karɓa. Ya shinshina murfin, ya dubi launin. Sannan ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba, "Mu je in ga kular."

Shamsu ya ce ɗakin ciki ba a shiga da takalmi, wurin magani ne. Tambari ya cire takalmansa ya ajiye su a jere a bakin ƙofa, ya ture Shamsu gefe da hannu ɗaya ya shiga.

Kwalaben suna ƙasan kular, a ƙarƙashin ledojin fiyawata, su huɗu, murfinsu ba a taɓa ba. A bayan ƙofa akwai buhu cike da fankon kwalabe irinsu, da sirinji babba, da ledojin ruwan gishiri, da ƙananan kwalaben bitamin. Tambari ya fito da na gaskiyar, ya ɗaga ɗaya ya kaɗa. Kumfa ta taso fara ta tsaya a wuya. Zai ƙara kaɗawa Rahina ta ce ya isa haka, kada ya lalata ta, ƙanensa na buƙatarta yanzu.

Babu wani a wurin da ya iya sa allura a jijiya sai ɓarawon. Tambari ya umarce shi ya rataya kwalaben da hannunsa. Hannun nan da ya iya aiki sai da ya soki Jafaru ya sake soka kafin ya sami jijiya. Rahina ta tsaya a kansa. Da kwalba ta biyu ta ƙare ya ce wannan ma ya wadatar, a ajiye sauran.

"Lita goma ka fitar," in ji ta. "Huɗu ne. Ko ni da ban karanta ba na san wannan."

Ya rataya ta uku, ya rataya ta huɗu.

Kafin a gama labari ya kai tashar Zurmi. Direbobi da 'yan acaba suka cika ƙofar shagon, wasu da ƙarfen ɗaga taya a hannu. Wani ya shure jarkar da ke ƙofa, ruwan cikin Jafaru ya malale a ƙasa. Suka ce a miƙo musu shi. Tambari ya dubi Rahina, domin ya gane cewa ita ke da babban haƙƙi a wurin.

Ta ce kada wanda ya taɓa shi. "In kunka buge shi, gobe shi ne abin tausai. Ni so nike ya faɗi abin da ya yi da bakinshi gaban alƙali, wan mijina na zaune shina ji."

Tambari ya fita ya tsaya a ƙofa, jikinsa ya toshe ta. Ya ce babu mai duka, 'yan sanda za a kira. Amma ya ce akwai abin da ke hannunsu su direbobi, wanda ba ya buƙatar alƙali, kuma zai yi magana da shugabannin Ƙaura da na Zurmi a kai.

Ana ɗora Jafaru a mota za a wuce da shi Gusau, Saliha ta tsaya a gaban Rahina. 

"Yaya Rahina, tun Shinkafi kin san haka?"

"Na sani."

"Kinka zauna kusa da ni kina kallo ana kwashe mai ruwa? In da ba a iske kwalaben ba fa? In da ya riga ya fitar da su ta baya?"

Rahina ta ce ta yi tunanin wannan tun kafin su taso. Ba ta ce a yafe mata ba, ba ta kuma kawo uzuri ba. Saliha ta shiga mota ta ja ƙofa. Jafaru ya tsallake wannan karon, ƙodarsa ba ta tsaya ba, ko da yake ciwon hantar yana nan tare da shi, ya kuma bar tuƙi. Saliha ba ta sake yi wa Rahina magana ba, ko a biki ko a makoki. Tana da gaskiyarta. An sa ran mijinta a tarko ba a tambaye ta ba. Rahina ta san haka, kuma da za a mayar da ranar, abin da ta yi shi za ta sake yi.

A kotu buhun kwalaben ya yi magana kafin Shamsu ya yi. Da ya ga babu mafita ya faɗi komai. Ya ce na gaskiyar yakan kai su Ƙaura wurin wani mai sayar da magani a ɓoye, shi kuma ya sayar wa wasu dangin majinyata. Akwai kwalbar da ta dawo shagonsa a hannun wani iyali, ya sake sace ta. Da labarin ya bazu, mutane suka zo daga ƙauyukan Zurmi, daga Ɗan Isa, daga Kurya Madaro, kowa da mamacinsa, kowa ya tuna jarkar da ya yi alfahari da ita da fitsarin da ya tsaya bayanta.

An kira Ubaidullahi shaida. Alƙali ya tambaye shi ko wani ya nuna shakka a ranar da aka yi wa ƙanensa aiki. Ya ce matar marigayin ta yi magana. Aka tambaye shi me ya ce mata. Aka maimaita masa tambayar. Sai da ya faɗi maganar sabulun nan da bakinsa a gaban jama'a, kuma wannan karon babu wanda ya yi dariya. Rahina tana zaune a bencin mata da Amina a gefenta, ba ta sunkuyar da kai ba.

Alƙali ya ɗaure Shamsu, aka rufe shagon, aka kama mai sayen kayan satar a Ƙaura. Shamsu ya yi zamansa a gidan yari ya fito. Daga Shinkafi zuwa Ƙaura zuwa Zurmi babu motar haya ko babur da ke ɗaukarsa, ko nawa zai biya. Duk inda za shi, da ƙafa yake zuwa.